Fashin Baƙi: Shin Ginin Tukwane Zai Iya Riƙe Mutum a Wannan Zamani?

Shin mutum zai iya dogara da ginin tukwane kaɗai, ba albashi ba ubangida, ya ci ya sha, ya biya kuɗin makarantar 'ya'yansa? Tambayar ta yawaita tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, lokacin da tsadar rayuwa ta sa hukumomi da iyaye suka ƙara matsa wa matasa su kama sana'ar hannu. A daidai wannan lokaci kuma shafukan Instagram da TikTok suka cika da bidiyon matasa na ƙasashen waje, da wasu 'yan ƙalilan na Legas da Abuja, zaune gaban faifai mai juyawa suna fitar da kofuna da kwanuka daga curin laka, sannan su yanka musu farashin da ya ninka na kanti.

Amsa biyu ake yawan ji. Wasu na cewa sana'ar ta mutu tun ranar da roba da alminiyon suka shigo kasuwa. Wasu kuma na nuna hoton Ladi Kwali, shahararriyar mai ginin tukwane, da ke bayan takardar naira 20, su ce ga shaida nan, laka tana kai mutum inda digiri bai kai wasu ba. Kowane ɓangare ya riƙe wani yanki na gaskiya, sai dai dukansu sun cakuɗa sana'o'i daban-daban a ƙarƙashin suna ɗaya, kuma a nan ruɗanin ya samo asali.

Tukunyar ƙasa daban, tangaran daban

Abin da Bahaushe ya sani tun kaka da kakanni shi ne kayan ƙasa: tukunya, tulu, randa, kasko, tandar waina, shantali, asusu, kaskon turaren wuta da indararo. Ana gina su da hannu, a cuɗa yumɓu da dakakken tsingaro ko yashi domin kada ya tsage, a shanya, sannan a jera su a matoya a lulluɓe da itace da kara da ciyawa a cinna wuta. Zafin irin wannan gashi yakan tsaya ƙasa da digiri 900 a ma'aunin Salshiyas, saboda haka jikin tukunyar ba ya toshewa gaba ɗaya, akwai ƙananan kafofi da ido ba ya gani. Wannan ba aibi ba ne, shi ne amfanin abin. Ta waɗannan kafofi ruwa ke tsattsafowa a jikin randa, iska ta busar da shi, ruwan ciki ya yi sanyi, kuma saboda sakin jikin nan ne tukunyar ke jure harshen wuta a kan murhu ba tare da ta dare ba. Matan Gbagyi sukan yayyafa wa tukunya ruwan makuba tun tana da zafi, domin ta yi duhu ta kuma rage tsattsafo.

Tangaran, wanda ake yi wa laƙabi da faɗi-ka-mutu, wata duniya ce daban. Ana gasa shi a rufaffen tanderu da zafin da ya kai digiri 1,200 zuwa 1,300, har lakar ta haɗe ta yi tauri kamar dutse, kuma ana shafa masa wani haɗi na garin duwatsu da toka wanda ke narkewa a wuta ya zama gilashi a jikinsa. Yawanci sau biyu ake gasa shi, kafin shafi da bayan shafi. Ba ya tsotse ruwa, yana wankuwa tas, ya dace da shayi da miya a kan tebur, amma ba ya sanyaya ruwa, kuma mafi yawansa ba a ɗora shi a kan murhu.

Akwai kuma rukuni na uku, wato kayan da ba don girki ko ajiyar ruwa aka yi su ba, sai don kallo, waɗanda ake saye saboda sunan wanda ya gina su. Mai gina randa, da mai yin kofunan tangaran, da mai aikin da ake kaiwa ɗakin baje kolin fasaha, duk laka suke taɓawa, amma jarinsu da masu sayensu da haɗarin da suke fuskanta ba ɗaya ba ne.

Abin da tarihin Ladi Kwali ya nuna, da abin da bai nuna ba

Tunda da ita ake kafa hujja, ya kamata a duba tarihinta da kyau. An haifi Ladi Kwali wajajen 1925 a garin Kwali, cikin ƙasar Gbagyi inda ginin tukwane aikin mata ne, kuma a gida ta koyi sana'ar tun tana ƙarama. Kafin wani Bature ya san da ita, tukwanenta masu zanen kunama da ƙadangare da kada da hawainiya da kifi sun riga sun kai fadar Sarkin Abuja Suleiman Barau, wato garin da ake kira Suleja a yau. A can ne Michael Cardew, wani magini ɗan Ingila da gwamnatin mulkin mallaka ta ɗauka aiki a 1950, ya gan su. Cardew ya buɗe cibiyar koyar da ginin tukwane a garin a farkon shekarun 1950, Ladi ta shiga a 1954, ita ce mace ta farko a wurin. Daga nan aka baje kolin ayyukanta a Landan a 1958 da 1959 da 1962, ta zagaya Amurka a 1972 tana nuna yadda take gini, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a Minna a 1984.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, a tsawon shekarun shaharar nan Ladi Kwali ba mai zaman kanta ba ce. A cibiyar gwamnati take aiki. Ba ita ta gina tanderun ba, ba ita ke sayen itacen gashi ba, in tukunya ta fashe a wuta ba aljihunta ne ke ɗaukar asarar ba, kuma ba ita ta nemo masu saye a Landan ba. Gwanintar tata ce, babu mai jayayya a kan wannan, amma duk nauyin da ke durƙusar da magini mai cin gashin kansa an ɗauke mata shi. Matashin da ya dubi takardar naira 20 ya ce zai bi sahunta, ya sani cewa shi kaɗai zai yi aikin da a wancan lokaci ma'aikata guda ke yi.

Akwai darasi na biyu a wannan tarihi, kuma ya fi na farko zurfi. Manufar kafa cibiyar ita ce a samar da kwanuka da kofunan tangaran na gida, domin ma'aikata da 'yan kasuwar Najeriya su rage dogaro da na waje. Hakan bai tabbata yadda aka so ba, domin kayan cibiyar ba su iya gogayya da arhar kwanon samira da tangaran ɗin masana'anta ba, sai ya zamana mafi yawan masu sayensu Turawa ne mazauna ƙasar da masu tara kayan fasaha a waje. Su kansu manyan tukwanen ruwa da suka ɗaukaka sunan Ladi, da aka gina su da lakar tangaran aka shafe su da gilashi, sun yi nauyin da ba mai ɗaukar su zuwa rafi, ba su kuma sanyaya ruwa. Siffarsu ta tukunyar Gbagyi ce, amma amfaninsu ya tashi daga madafa ya koma falo. A yau irin waɗannan tukwane nata na kai dubban fam na Ingila a gidajen gwanjo, kuɗin da ke shiga hannun waɗanda suka mallake su, ba hannun matan Kwali da ke ci gaba da gini ba.

Ina kuɗin ke tafiya?

Mai saye yakan ɗauki kofi ya ce, ai laka ce kawai, me ya sa ya yi tsada haka? Gaskiya ne laka ita ce mafi arha a cikin lissafin. Najeriya na da yumɓu mai kyau a wurare da yawa, ga farar ƙasa a Ƙanƙara ta jihar Katsina da Alkaleri ta jihar Bauchi da kuma tsaunukan Jos. Sai dai a Turai da Amurka magini na sayen lakarsa a leda, an tace an cuɗa, shi kuwa na nan sau da yawa shi zai haƙo ko ya saya danya, ya jiƙa, ya tace, ya tsane, ya cuɗa, kwanaki suna tafiya bai gina komai ba.

Babban mai cin kuɗi shi ne wuta. Kai tanderu digiri 1,250 na buƙatar makamashi mai yawa, ko na itace ne, ko na gas, ko na lantarki. Tanderun itace na cin yini guda ko fiye ana zuba masa makamashi ba ƙaƙƙautawa, sannan a jira kwanaki ya huce kafin a buɗe. Na lantarki ya fi sauƙin sarrafawa, amma yana son wutar da ba za ta ɗauke ba na tsawon sa'o'i masu yawa, kuma in aka ɗauke ta a tsakiyar gashi, aikin makonni na iya lalacewa. Unguwannin da ke samun irin wannan wuta su ne na rukunin A, waɗanda aka ninka musu farashi fiye da sau uku a watan Afrilun 2024, zuwa naira 225 kowane yunit. Gas ma ya yi tashin gwauron zabo, haka nan sinadaran launi da na'urar auna zafi da ake shigowa da su da dala tun bayan faɗuwar darajar naira a 2023. Wannan ne ya sa magini ba ya kunna tanderu sai ya cika shi maƙil, wanda ke nufin kuɗinsa na kwance a cikin kayan da ke jiran wuta na tsawon makonni.

Sai kuma fashewa. Laka na raguwa idan tana bushewa, tana ƙara raguwa a wuta, kuma a kowane mataki tana iya tsagewa. Hunturu na busar da ita da gaggawa har ta dare, damina kuma na hana ta bushewa, ta kuma hana gashin fili gaba ɗaya, shi ya sa a karkara ginin tukwane aikin rani ne. In aka ɗauka magini ya sa kofi goma a wuta biyu suka lalace, to takwas ɗin da suka tsira su ne za su biya kuɗin goma, kuma wannan kafin a ɗora su a mota a kan hanyoyinmu. A nan ne sababbin shiga suka fi yin kuskure: su lissafa laka da gas, su manta da abin da ya fashe, su manta da kwanakinsu, su sayar da arha suna murnar ciniki, ashe uwar kuɗin suke ci.

Wa ke saye, kuma ta hannun wa?

Kasuwar kayan ƙasa ta ragu, amma ba ta mutu ba. Jarka ta kori tulu daga hanyar rijiya saboda ba ta da nauyi kuma ba ta fashewa, tukunyar alminiyon ta karɓe girki, kula da kwanukan zamani suka mamaye jeren amarya. Amma randa na nan a gidaje da masallatai da bakin hanya, musamman da bazara, domin ba ta jiran a kawo wuta kafin ta sanyaya ruwa. Kaskon turare da tandar waina da asusu da tukwanen shuka furanni duk suna da masu nema. Garuruwa irin su Tatiko a jihar Neja, da Ushafa kusa da Bwari, da Miriya kusa da Damagaram, da Bubon a bakin kogin Kwara kusa da Yamai, har yanzu da wannan sana'a aka san su. Matsalar wannan kasuwa ita ce farashi. Mai sayen randa talaka ne, yana taya ta ne da farashin bokitin roba a ransa, ita kuma mai ginin ba ta da motar kai kaya birni, sai ta sayar wa 'yan sari a bakin matoya. Ɗan sari ma ba zalunci kawai yake yi ba, shi ke ɗaukar kuɗin mota da asarar abin da ya fashe a hanya, amma sakamakon dai shi ne wadda ta yi aikin ita ke samun kaso mafi ƙanƙanta. Saboda haka ga mafi yawan waɗannan mata ginin tukwane ƙari ne a kan noma da sauran sana'o'in gida.

Mai yin tangaran da hannu kuwa ba zai taɓa kayar da masana'anta a farashi ba. Kofin da aka yi dubbai a Sin aka shigo da shi cikin kwantena zai fi nasa arha ko da kyauta ya yi aikin. Don haka masu sayensa su ne waɗanda ke neman abin da kanti ba shi da shi: otal da gidan abinci da ke son faranti mai siffa ta musamman, kamfani da ke son kyautar ƙarshen shekara, masu ƙawata gidaje, ma'aikatan ofisoshin jakadanci, da 'yan Najeriya mazauna waje. Waɗannan mutane sun taru ne a Abuja da Legas da 'yan wasu birane, shi ya sa wuraren da suka gaji aikin cibiyar Suleja, kamar na Bwari da na Maraba a kusa da Kaduna, suka zauna kusa da manyan birane. Kasuwa ce siririya, kuma matsalar tsaro da ta rage zirga-zirgar baƙi a Arewa ta ƙara tsuke ta.

Intanet ta buɗe wata ƙofa, domin magini na iya nuna kayansa ya karɓi oda ba tare da dillali ba, alhali ɗakunan baje kolin fasaha kan riƙe kaso mai tsoka na farashi, wani lokaci har rabi. Amma ɗaukar hoto, da amsa saƙonni, da naɗe kaya yadda ba za su fashe ba, da bin direban tasha, da lallashin wanda kayansa suka iso a farfashe, duk lokaci ne da aka cire daga na gini. Tura tangaran zuwa ƙasar waje kuma, saboda nauyinsa, kuɗin jigila kan kusan kamo kuɗin kayan. Ko a ƙasashen da ke da masu saye da yawa, magina masu zaman kansu da dama na cike giɓi ne da koyarwa, su buɗe aji ga masu sha'awa, ko su ba da hayar gurbi a tanderunsu.

Inda masu ruwa da tsaki suka saɓa

Ɓangare na farko na ganin mafita ita ce zamanantarwa: a raba wa matan karkara faifan gini, a gina musu tanderu, a koya musu shafin gilashi. Wannan tunani ne ya haifar da cibiyar Ushafa a ƙarƙashin shirin kyautata rayuwar matan karkara na Maryam Babangida, wadda ta ƙara suna bayan ziyarar shugaban Amurka Bill Clinton a watan Agustan 2000. Hujjarsu ita ce kaya mai ƙyalli ya fi kawo kuɗi. Masu suka kuma na cewa an sha gwada wannan, kuma inda aka kawo na'ura ba a kawo mai saye ba, na'urar takan ƙare a ƙarƙashin ƙura. Suna ƙarawa da cewa gwanar da ke gina katuwar randa da hannu cikin ɗan lokaci ba ta da abin koyo a wurin faifai, domin faifai ya fi dacewa da ƙananan kaya masu yawa iri ɗaya.

A ganina masu sukar sun fi kusa da gaskiya, kuma akwai misali daga Jigawa da ke mara musu baya. Mohammed Bah Abba, wani malami a kwalejin kimiyya da fasaha ta jihar, ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya: a sa ƙarama cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da ɗanyen ƙyalle, sai tumatir da yalo da alayyafo su yi kwanaki ba su lalace ba. Dabarar ta ba shi lambar yabo ta Rolex a 2000. Bai canza yadda magina ke gini ba, bai kawo musu tanderu ba. Sabon amfani ya samo wa tukunyar da suka riga suka iya, ya kuma ba su aikin dubbai. Abin da ya ƙaru shi ne masu saye, kuma shi ne abin da sana'ar ta fi rashi.

Wannan ba ya nufin tangaran ba shi da makoma. Jami'ar Ahmadu Bello da wasu jami'o'i da kwalejoji na yaye ɗalibai a wannan fanni duk shekara, amma da yawansu na ajiye laka daga ranar da suka bar makaranta, saboda tanderun na makaranta ne, kuma gina nasu ya fi ƙarfinsu. Ga irin waɗannan, tanderu ɗaya na haɗin gwiwa da mutum goma za su riƙa cikawa tare ya fi rancen da za a raba musu ɗaiɗai amfani.

Abin da wannan ke nufi ga mai shiga da mai saye

Ga matashin da ke son shiga, amsar tambayar farko ita ce e, ana iya rayuwa da sana'ar, amma da wuya a shekarun farko, kuma da wuya da sayar da ɗaiɗaikun kaya kaɗai. Waɗanda suka tsaya da ƙafafunsu galibi suna da wani abu mai fita kullum, kamar tukwanen furanni ko kaskon turare ko odar gidan abinci, wanda ke biyan kuɗin wuta da haya, sannan su yi aikin gwaninta a gefe. Karɓar kafin alƙalami kafin fara babbar oda ba rashin yarda ba ne, kariya ce ga mai jari kaɗan. Kuma zama a ƙarƙashin wani gwani na shekara ɗaya ko biyu ya fi arha a kan koyon halin wuta da kuɗin kai.

Ga matan karkara, barazanar ba roba kaɗai ba ce. Itacen gashi na ƙara tsada da nisa, faɗaɗar birane kamar Abuja na cinye filayen da ake haƙar yumɓu, 'yan mata da yawa kuma ba sa sha'awar gadon aikin da wahalarsa ta fi ribarsa. In masu gini suka ragu, randa za ta yi tsada ga wanda ya fi buƙatarta, wato mai gidan da ba shi da firji.

Mai saye kuma akwai abin da ya kamata ya kula da shi game da lafiyarsa. Hanya mafi sauƙi ta samun ƙyalli ba tare da zafi mai yawa ba ita ce zuba dalma a cikin haɗin shafi, kuma illar gubar dalma ba baƙuwa ba ce a Arewa tun bayan abin da ya faru da yaran Zamfara a 2010, ko da yake wancan daga sarrafa ma'adinin zinare ya fito. Abinci mai tsami kamar kunun tsamiya da zoɓo da lemo na iya narkar da dalmar daga jikin kwano zuwa cikin abin da ake sha. Tangaran da aka gasa da zafin digiri 1,200 zuwa sama ba ya buƙatar dalma, tukunyar ƙasa da ba a yi mata shafin gilashi ba ita ma ba ta da wannan matsala. Wanda zai sayi kwano mai ƙyalli na aikin hannu don cin abinci yana da haƙƙin ya tambayi maginin da me ya haɗa shafinsa da kuma zafin da ya gasa shi, kayan da aka yi wa fenti bayan gashi kuma a bar su a matsayin kayan ado.